Gawayin Bayuo

Atta mai gadin gandun bakin tafki ne ya fara gani da safiyar Lahadi, kuma maimakon ya zo ya faɗa mini a asirce kamar mai hankali, sai ya taho yana kururuwa tun daga gaɓa har ƙofar coci. Kafin in ɗaura zane rabin Nsuano sun riga ni isa wurin. An tsinke wayar shinge, an sare matasan itatuwan da ƙaramar hukuma ta dasa tun daga titi har bakin ruwa, kuma ko reshe ɗaya ba a bari a ƙasa ba. Sai kututture farare, ruwa yana tsatsafowa daga jikinsu.

Ni ce kansilar Nsuano, sunana Akua Dufie. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu a majalisa ranar da aka ce a killace bakin tafkin, domin ruwan yana ja da baya, ƙasa tana zaizayewa, ga masu makoki da masu biki kowace Asabar suna kafa rumfuna a gaɓa su bar mana leda da kwalabe. Tun daga nan duk mai taro sai ya nemi izini, kuma ba a shiga gandun da jama'a. Mutanenmu sun yi gunaguni har sun gaji, suka koma kirana Onarabul da wata irin murya mai ja.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a safiyar nan shi ne Wofa Boahen, ƙanen mahaifiyata, babban danginmu, kuma shugaban kwamitin kula da gandun. Ya tsaya a tsakiyar jama'a yana dogara sanda, yana cewa an ci mutuncin gari, an ci mutuncin tafki. Ana cikin haka wata mata ta nuna bayan tudu. Hayaƙi ne yake tashi, mai kauri, daga wajen gidan Bayuo mai gawayi.

Sai wani ya yi tsaki ya ce, "To, ai ga inda itatuwanmu suka tafi."

Bayuo ɗan arewa ne, ya zo garinmu yana saurayi, yanzu har ya yi furfura. Da harshenmu yake magana, 'ya'yansa a nan aka haife su. Amma kafin rana ta take, babu mai kiran sunansa kuma. Ya zama "baƙon nan". Samari suka je suka kakkarya masa shinge, matan kasuwa suka ƙi sayen kokon matarsa, yara suka bi 'yarsa da waƙa har rijiya.

Ranar Litinin Mista Ankoma na ofishin muhalli ya zo a mota, ya duba kututturan, ya kira ni gefe.

"Onarabul, ba ni da ja da ke. Amma an dakatar da duk wani izinin taro a Nsuano sai an kawo wanda ya yi wannan. Har da na Asabar."

Na Asabar shi ne makokin mahaifiyata, Maame Konadu. Watanni tana kwance a ɗakin sanyi na asibiti muna shiri. An ɗinka zannuwa, dangi sun taso daga Kumasi, wasu har daga Turai. Da labarin ya bazu, sai kowa ya ƙara samun dalilin gaskata cewa Bayuo ne. A miƙa shi, a kore shi daga gari, a binne tsohuwa lafiya. Ni ma zuciyata ta so hakan, abin ya zo da sauƙi ƙwarai. Sauƙin nan ne ya sa na je wurin Agya Ntim.

Agya Ntim tsohon maharbi ne, shi hukuma take kira idan an ɗana tarko a dajin da aka hana. Ba ya son magana, kullum da asuwaki a bakinsa, idan ka tambaye shi abu sai ya tauna ya tauna kafin ya ga dama ya amsa. Na same shi yana gyaran raga, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Jiya kuka tattake wurin kamar garken shanu, yau kuma kike so ƙasa ta yi mini magana?"

"Agya, taimaka."

"In na bi sawu, inda ya tsaya nan zan tsaya. Ba na karkata shi don kowa. Kin yarda?"

Na ce na yarda, har da rantsuwa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki addarsa.

Da Atta muka fara. Agya Ntim ya tambaye shi inda yake ranar Asabar.

"Ina bakin aiki, Agya. Ko ƙuda bai wuce ba."

"Ƙuda bai wuce ba, amma gatari ya wuce?"

Atta ya sosa ƙeya. Daga ƙarshe dai ya amsa cewa ya bi jama'a makokin da aka yi a ƙauyen tsallake, inda kusan duk garin ya tafi tun da hantsi. Ya ce minti kaɗan ya yi niyyar yi, amma giyar kwakwa ta yi daɗi, ga makaɗa sun iya. Bai dawo ba sai da rana ta faɗi.

"Ke nan da rana tsaka aka yi saran, gari babu kowa," in ji Agya Ntim. "Wa ya rage a gida?"

"Tsofaffi da marasa lafiya. Da baƙon nan."

"Yana da suna."

"Da Bayuo," in ji Atta, ya sunkuyar da kai.

Daga nan muka je wurin Yaw Tawia mai ba da hayar rumfuna da kujeru, wanda dokar gandun ta karya wa kasuwa, kuma ya sha cewa a mashaya wata rana sai ya cinna wa shingen wuta. Yana ganinmu ya fara dariya.

"Onarabul, kin zo kama ni? Bismillah, ga hannuna. Amma ki tambayi kowa a tsallake, ni na kafa musu rumfa, ni na kwance ta. Kuma ni da zan yi sara, ai fili zan share mai faɗi inda rumfa goma za su zauna. Wannan 'yar siririyar hanya me zan yi da ita, tseren awaki?"

Agya Ntim ya cire asuwakin daga bakinsa, abin da bai cika yi ba. Ya kalli Yaw, ya mayar da shi, ya ce mu tafi.

Gidan Bayuo ya ba ni kunya tun daga nesa. Shingen a kwance, tukunyar kokon matarsa a kife, 'ya'yan suna leƙe ta labule. Shi kuwa yana zaune gaban tarin ƙasar da yake toya gawayi a ciki, babba, wanda ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Ya miƙe ya gaishe mu da ladabi, ya ba Agya Ntim kujera.

"Bayuo, wannan uban tari na mene ne?" na tambaye shi. "Ba lokacin kasuwa ba ne."

"Na wani aiki ne, Onarabul."

"Wane aiki?"

"In lokacinsa ya yi za a gani."

Raina ya ɓaci. Na ce masa gari yana neman kansa shi kuma yana yi mini wasan ɓuya. Sai ya kalle ni kamar ni ce abin tausayi. Agya Ntim ya nemi izini, ya sa adda ya buɗe gefen tarin, ya zaro guntun itacen da bai gama ci ba, ya shinshina, ya kankare da farce.

"Tsohon icen koko ne, busasshe. Ga kuma na lemo. Ɗanyen da aka sare shekaranjiya ba ya cin wuta haka, ruwa zai yi ta tofarwa." Ya rufe ramin da ƙasa a hankali. "Yi haƙuri, ɗan'uwa, na shigar maka da iska."

"Iskar da ta shige ni ta fi wannan, Agya."

A hanya na ce wa Agya Ntim ai shi ke nan, mun wanke Bayuo. Ya girgiza kai. Ya ce mutanen da suke son a binne gawarsu ranar Asabar ba za su saurari labarin busasshen ice ba. Suna suke so, kuma in ba a ba su wani ba, wanda ke hannunsu za su riƙe.

Muka koma gandun da yamma. Bai ko kalli inda jama'a suka tattake ba. Ya bi gefen ciyawar ruwa yana tafiya a karkace, har ya tsaya ya buɗe ta da adda. Ga itatuwan nan duka, babu wanda ya ɓata, an jera su a tsanake, kawunansu suna fuskantar ruwa.

"Ɓarawo ba ya kwantar da kayan sata kamar jarirai," in ji shi.

Daga nan ya wuce zuwa Dutsen Bankwana. A Nsuano ba a binne mutum sai an kawo shi gaban dutsen nan ya yi sallama da tafki, kuma tsofaffi sun ce daga ƙofar gidansa ake miƙo shi, ba a yin kwana da gawa. Da aka killace gandun, hukuma ta ce a riƙa zagayawa ta titi a yi sallamar a mashigin masunta. Iyalai da dama sun yi haka suna ƙunƙuni, mu ma haka muka shirya yi. Gaban dutsen laka ce mai laushi, kuma ko a cikin hayaniyar jiya babu wanda ya yi gangancin taka wurin.

Agya Ntim ya tsuguna. Ya nuna mini sawun takalma biyu a jere, masu faɗi, shafaffu, babu zane a tafinsu. A gabansu kaɗan ga shatin yatsun ƙafa tsirara, ga kuma 'yan ramuka inda aka ɗiga wani ruwa.

"Kin san wannan takalmin?"

Na sani. Takalmin fata ne na gargajiya, wanda dattawa suke sawa da baƙin zane ranar makoki.

"Wa yake zuwa saran ice da takalmin makoki? Mai gawayi da takalmin taya yake shiga daji. Wannan mutumin ado ya yi, domin a wurinsa ba sara ya zo yi ba, aikin gawa ya zo yi. Ya zame ƙafarsa ya ɗora dugadugansa a kan takalmin, ya zuba wa kakanni barasa, ya nemi gafarar tafki, sannan ya ɗauki gatari. Ɗan gari ne, kuma dattijon da ya saba yin addu'a a madadin dangi." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Zo ki tsaya nan. Ba wa dutsen baya. Bi kututturan da ido."

Na tsaya. Hanyar ta miƙe samɓal, faɗinta daidai akwati da masu ɗaukarsa ta kowane gefe. Ta haura gaɓa, ta ratsa shingen da aka tsinke, ta tsallake titi. A ƙarshenta ƙofa ɗaya ce tak, shuɗiya, an ɗaura mata jan ƙyalle da baƙi. Ni na ɗaura ƙyallen da hannuna.

Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa, alhali daga ni sai tsoho sai ruwa.

"Tun da Yaw ya ce siririyar hanya na fara zargi," in ji Agya Ntim. "Ni zan faɗi abin da ƙasa ta ce. Amma ƙofar wa ce, wannan ba ƙasa ce za ta faɗa ba."

Washegari mai shela ya buga kuge, aka taru a farfajiyar Nana dagaci. Mista Ankoma yana gefe da wayarsa a hannu. An zaunar da Atta da Yaw Tawia a benci, Bayuo kuwa an bar shi a tsaye a rana, babu wanda ya matsa masa. Wofa Boahen yana cikin dattawa a inuwa. Na kasa zuwa wurinsa kafin taron. Na yi ta sa ran shi zai zo wurina, ko ya tashi da kansa ya yi magana.

Ya tashi kuwa. Ya gyara zane ya ce, "Nana, kada mu ja zance. Muna da gawa tana jira. Baƙo ya yi kuskure, a ci shi tara, ya tattara ya koma garinsu, hukuma ta ba mu izininmu."

Jama'a suka yi guɗa-guɗar amincewa. Na duba ƙafarsa. Takalmin gida ya sa, amma ba sai na ga wancan ba.

Nana ya ba Agya Ntim dama. Tsohon ya yi bayani a taƙaice: busasshen icen koko, itatuwan da ke kwance cikin ciyawa, takalmin makoki, barasar da aka zuba. Da ya zo kan hanyar da ta miƙe daga dutse zuwa ƙofa ɗaya, sai ya mayar da asuwakinsa baki ya zauna.

"Ƙofar wa?" in ji Nana.

Kowa ya sani, gawa ɗaya ce take jira a garin. Amma babu wanda ya so ya zama mai faɗa. Yaw Tawia mai bakin nan ma ƙasa yake kallo. Na miƙe.

"Nana, ƙofarmu ce. Ƙofar Maame Konadu." Na juya wajen dattawa. "Wofa, ranar Asabar ka ce gwiwa ta hana ka zuwa tsallake."

Wofa ya miƙe. Sannan ya tako tsakiyar fili, ya zame takalmansa, ya sauke zanen daga kafaɗa zuwa ƙugu a gaban Nana. Ban taɓa ganin ƙirjinsa ya tsufa haka ba.

"Ni ne. Yayata ce ta goya ni bayan uwarmu ta mutu. A asibiti ta riƙe hannuna ta ce, Boahen, kada ka bari a zagaya da ni ta wajen masu wankin kifi kamar kayan kasuwa, ka miƙe da ni. Da na nemi izini, Dufie za ta ce doka. Na ce in an wayi gari hanya a buɗe, wa zai hana gawa wucewa?"

"Wannan mun ji," in ji Nana. "Bayuo fa?"

Wofa ya ce, "Ban kira sunansa da farko ba, wasu ne suka kira. Da na ga abin ya tafi can, sai na ce... ai baƙo ne. Zai warke."

Wannan kalmar ce ta kashe wurin, domin ba shi kaɗai ya yi tunaninta ba, shi ne dai ya faɗe ta da baki. Matar da ta fara nuna hayaƙin ta ja mayafi ta rufe fuska. Samarin da suka karya shinge suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin wani ya tuna ya miƙa wa Bayuo kujera. Bai zauna ba.

Mista Ankoma ya ce za a kai maganar gaba, Wofa zai sauka daga kwamiti, danginmu za su sake dasa duk abin da aka sare su kuma gyara shinge. Ya ce izinin Asabar ya dawo, amma ta titi za a bi, a yi sallama a mashigin masunta kamar kowa. Wofa bai ɗago ba.

Da yammacin ranar muka je gidan Bayuo ban haƙuri yadda ake yi, da rago da kwalbar barasa, Nana ya turo kakakinsa, Wofa ya durƙusa ya kama gwiwarsa. Bayuo ya yi saurin ɗaga shi.

"Haba Wofa, tashi, ka girme ni. Na yafe, har ga Allah." Ya karɓi ragon don kada ya kunyata mu. Sannan ya dube ni. "Onarabul, tun ina saurayi nake gaishe ku kowace safiya kuna amsawa. Ban san akwai wani sunan da kuka ajiye mini ba. Yanzu 'ya'yana sun ji shi."

Muka juya muka koma gida.

Ranar Juma'a gawa ta iso, gidanmu ya cika, babu wanda ya lura da motar kayan da ta tsaya bayan tudu. Asabar da sassafe matan girki suka zo suna neman abin hura wuta, domin a cikin wannan rikici duk mun manta da zancen makamashi. Ƙanwata ta fita ta dawo da gudu ta ce in zo in gani. A jikin bangon gidanmu, ƙarƙashin jan ƙyallen, buhunan gawayi ne a jingine, tsibi guda, an ɗinke bakinsu da kyau. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce tun jiya da rana Bayuo ya yi ta kawo su a baro, ya ce a faɗa mini gudummawarsa ce ta makoki. Maame ce ta fara ba shi ɗaki da ya zo garin nan, kuma tun ranar da ta rasu ya fara tara busasshen ice. Kyautar makoki ba a shelarta kafin ranarta, shi ya sa ya ƙi faɗa.

Na aika a kira shi. Aka dawo aka ce gidan a buɗe yake, babu ko tabarma. Ragonmu kawai aka tarar a ɗaure a gindin lemo, an ajiye masa ruwa da ciyawa.

Mun zagaya da Maame ta titi, ta yi sallama da tafki a cikin ƙarnin kifi, Wofa yana biye da akwatin kansa a ƙasa. An yi kiɗa, an yi rawa, baƙin Kumasi suka yi ta yabon abinci, suna cewa miyar ta dahu, kifin ya gasu, wane irin gawayi ne wannan da ba ya hayaƙi. 'Yan Nsuano kuwa kowa ya karɓi kwanonsa ya zauna da shi a cinya. Na ga Agya Ntim a ƙarshen rumfa, ya cire asuwakinsa, ya kalli fufun da aka ajiye masa, ya mayar da asuwakin baki. Ni ma na gutsuro loma na kai baki, amma ta ƙi wucewa.